Hoto Ɗaya Tamkar Da Dubu

A zamanin nan babu sana'ar da ta yi araha kamar ɗaukar hoto. Duk wanda ya mallaki wayar hannu ya zama mai hoto, ko a ɗakin lacca, ko a ofis, ko a wurin ɗaurin aure. A yini guda mutum yakan ɗauki abin da kakansa bai ɗauka ba tun daga haihuwa har mutuwa. Amma fa a tambaye shi ina hotunan da ya ɗauka shekara biyar da suka wuce, sai ka ji ya ce wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko ya manta lambobin sirrin ma'ajiyarsa ta intanet. Alhali kuwa hoton nan guda ɗaya na kakan nasa, wanda aka ɗauka da akwatin katako tun kafin samun mulkin kai, yana nan rataye a bango, har ana iya ƙirga zaren aikin wuyan rigarsa.

Wannan ne ya sa nake so mu sake duban wata tsohuwar hanyar ɗaukar hoto wadda da yawa daga cikinmu suke ɗauka ta mutu, watau aiki da babbar kyamara mai cin falle-fallen fim, da wanke hoton a ɗakin duhu. Ra'ayina shi ne, ga abubuwan da muke so jikokinmu su gani da idonsu, kamar gine-ginenmu na ƙasa da fuskokin dattawanmu, har gobe wannan hanya tana da amfanin da waya ba ta gaje ba, kuma asara ce jami'o'inmu su bari iliminta ya ɓace. Kafin mai karatu ya yarda ko ya ƙi, ya kamata ya san yadda aikin yake, domin hujjar tana cikin aikin ne.

Ita dai wannan kyamara ba ta da wani surkulle. Allo ne a gaba mai ɗauke da ido na gilashi, da wani allo a baya inda fim yake zama, sa'an nan aka haɗa su da jakar fata mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zugazugin maƙeri, wadda haske ba ya ratsa ta. Ana girke ta ne bisa gindi mai ƙafa uku, don nauyinta ya wuce a riƙe a hannu. Abin da ya sa ake kiran ta babba shi ne girman fim ɗinta. Ƙaramin fim na nadi wanda iyayenmu suka saba da shi, kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne da 36. Shi kuwa fallen babbar kyamara yakan zama inci 4 da 5, ko 5 da 7, ko 8 da 10. Na farkon ya ninka ƙaramin fim kusan sau 15 a faɗi, na ƙarshen kuwa kusan sau 60. Ke nan abin da ƙaramin fim zai dunƙule ya zama ɗigo, babban falle zai shimfiɗa shi filla-filla.

Idan mai hoto ya girke kyamararsa, sai ya buɗe idonta, ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi, ya duba wani gilashi mai hazo da ke bayanta. A nan zai ga abin da yake son ɗauka, amma a kife, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan aibi ne. Masu sana'ar kuwa sun san amfaninsa, domin idan abu ya kife, ido yakan daina cewa wannan ai Malam wane ne, ya koma lura da inda haske ya faɗa, da inda inuwa ta kwanta, da reshen bishiyar da ya tsiro daga bayan hular mutum. Daga nan sai ya yi ta matsar da allon gaba, yana duba gilashin da madubin ƙara girma, har abin ya fito sarai.

Akwai kuma wata baiwa da wannan kyamara take da ita, wadda za mu koma kanta nan gaba. Allon gaba da na baya kowanne yana motsi shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama don ya ɗauki dogon gini ya ga yadda bangayen suke tsukewa ta sama, kamar ginin zai faɗi da baya. Mai babbar kyamara ba ya ɗaga ta. Yakan bar bayanta a tsaye daidai da bangon, ya tura idon kaɗai zuwa sama, sai ginin ya shigo gaba ɗaya kuma a miƙe. Haka nan idan ya karkata idon kaɗan zuwa ƙasa, yana iya sa tabarmar da ke gabansa da ƙofar da ke can nesa su fito sarai a lokaci guda. Wannan ƙa'ida ana kiran ta da sunan wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, wanda ya yi rajistar bayaninta a 1904.

Bayan an daidaita, sai awon haske. A nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗauki misalin dattijo baƙin mutum, sanye da farar babbar riga, yana zaune a bakin zaure da hantsi. Hasken da ke tashi daga rigar ya ninka na fuskar sau da yawa. In aka bi rigar, fuska ta dushe ta zama duhu, in aka bi fuskar, riga ta ƙone ta zama fari fat babu aska babu zare. Wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams, tare da abokin aikinsa Fred Archer, sun tsara hanyar warware wannan wajen 1940. Sun kasa haske mataki goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi. Dabarar ita ce a ba fim isasshen haske gwargwadon bukatar wurin da ya fi duhu, sa'an nan a rage lokacin wanki don kada wurin da ya fi haske ya wuce gona da iri. Da yake kowane falle zaman kansa yake yi, ana iya wanke shi gwargwadon halin da aka ɗauke shi, abin da ba ya yiwuwa ga nadin fim mai hoto 36 da ake tsoma shi gaba ɗaya.

Da an gama awo sai a rufe idon kyamara, a tsuke kafar haske, a saita tsawon lokacin buɗewa. Fim ɗin yana cikin wani kube mai ɗaukar falle biyu, ɗaya kowane gefe, wanda aka ɗura tun a cikin duhu ta hanyar lalube, domin kowane falle yana da 'yan tsage-tsage a kusurwa da ke gaya wa yatsa ina ne gabansa. Sai a zura kuben a gaban gilashin nan mai hazo, a zare marfinsa, a ce wa dattijo ya natsu, a latsa. Daga lokacin da kube ya shiga, mai hoto ba ya ƙara ganin kome ta cikin kyamara, sai dai ya dubi mutumin ido da ido. In ya manta bai rufe ido ba kafin ya zare marfi, falle ya tafi. In ya manta ya ɗauki hoto biyu a falle ɗaya, duka biyun sun tafi. Hoto guda yakan ci minti goma ko fiye, kuma kowane latsi kuɗi ne. Shi ya sa mai wannan aiki ba ya latsawa sai ya tabbata abin ya cancanta.

To, a wannan mataki in da za a duba fallen ba za a ga kome ba. Fuskar fim an shafe ta ne da wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Haske ya taɓa waɗansunsu ya bar musu alama, amma alamar a ɓoye take sai an wanke. Wankin kuwa a cikin duhu ƙirin ake yin sa, ko jar fitila ba a kunnawa. Akan jera faranti uku. Na farko shi ne ruwan da ke mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, a nan falle yakan yi kamar minti bakwai zuwa goma sha biyu ana jujjuya shi. Na biyu ruwa ne mai ɗan tsami da ke tsai da aikin na farko. Na uku shi ne mai narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi idan an fito da shi sarari. Wani masani ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano a 1819 cewa wannan sinadari yana narkar da gishirin azurfa, kuma har yau da shi ko da danginsa ake aiki. Daga nan sai ɗauraya da ruwa mai yawa, a shanya. Abin da ya fito shi ne ake kira dodon hoto, inda farar riga ta zama baƙa, baƙar fuska ta zama fara.

A ƙasarmu wannan mataki yana da wahalarsa ta daban. Ruwan wankin ana son sa ne a digiri 20, alhali ruwan famfo a Kano ko Sakkwato da bazara ya wuce haka nesa. Ruwa mai zafi yana gaggauta aikin, yana kuma sa danƙon ya yi laushi har farce ya karce shi, don haka sai an nemi ƙanƙara ko ruwan randa an sanyaya. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin ƙwaya ɗaya in ta kwanta a kan falle kafin a ɗauka, za ta fito baƙin ɗigo a goshin mutum. Masu hoton da suka yi aiki a garuruwanmu shekara sittin da suka wuce sun yi fama da duk wannan, suka kuma ci nasara, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Saura buga hoton a takarda. Takardar hoto ita ma tana da gishirin azurfa, amma jan haske ba ya damun ta, saboda haka a nan akan kunna jar fitila. Hanya mafi sauƙi ita ce a kifa dodon a kan takardar, a danne da gilashi, a haska fitila na 'yan sakan, sai hoton ya fito daidai girman fallen. In ana son ya fi haka girma sai a sa shi a na'urar faɗaɗawa, wadda ke jefa siffarsa a kan takarda daga sama. Mai aiki yakan fara gwaji da ɗan yanki, yana ba shi haske kashi-kashi, har ya gane sakan nawa ya dace. Sa'an nan da tafin hannunsa yakan tare haske daga fuskar don kada ta yi duhu, ya ƙara wa rigar don zaren ya fito. Sai takarda ta bi faranti ukun nan, a ga siffa tana tasowa a hankali cikin ruwa. A ƙarshe sai doguwar ɗauraya, wadda ga takarda mai kauri takan kai awa guda. Yawancin tsofaffin hotunan da muke gani sun yi rawaya, gaggawar da aka yi a wannan mataki ce ta cuce su.

Mai karatu zai ce, to, duk wannan wahala ribar me? Amsar tana Bamako ta ƙasar Mali. Saidu Keita ya buɗe shagon hotonsa a can a 1948, yana aiki da kyamara mai falle santimita 13 da 18, yawanci a tsakar gida da hasken rana, kuma galibi falle ɗaya yake kashe wa kowane mutum. Ya rufe shagon a farkon shekarun 1960 bayan ya koma yi wa gwamnati aiki, amma bai zubar da dodannin hotunansa ba, ya adana dubbansu. A 1991 aka nuna waɗansu hotunansa a birnin Niyok ba tare da an san sunan mai su ba. Aka bi sawu har aka same shi, aka tarar fallayen suna nan lafiya, aka sake buga su manya-manya. A 1994 aka yi masa baje koli a Faris, ya rasu a 2001, a 2016 kuma aka sake yi masa wani gagarumi a birnin. Yau duk mai son ya san irin ɗaurin ɗankwali da zanen atamfar matan Bamako na wancan zamani, wurin Keita zai je. A nan gida Nijeriya ma haka ta faru da Solomon Alonge, mai hoton fadar Sarkin Bini, wanda ya buɗe shagonsa a 1942. Fallayensa, har da na gilashi, suna gidan tarihin Smithsonian a Amurka, aka kuma nuna su a 2014. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan biyu ba su tsira daga mantuwa ba sai don aikinsu ya bar wani abu da hannu yake iya riƙewa.

Yanzu mu dawo kan gine-gine. A Amurka tun 1933 aka kafa wani shiri na ɗaukar bayanin tsofaffin gine-gine, ana ajiye sakamakon a laburaren majalisar dokokinsu, kuma shekaru da dama bayan fitowar kyamarar zamani ƙa'idarsu ba ta sauya ba: babban falle, baƙi da fari. Dalilinsu kuwa shi ne bango yana fitowa a miƙe yadda za a iya awo a kansa, kuma fallen zamani, in an wanke shi da kyau an adana, ana sa ran zai yi ɗaruruwan shekaru, kuma ba ya bukatar kowace na'ura kafin a karanta shi sai ido da haske. Su da suke gini da dutse da bulo ke nan, ina ga mu da muke gini da ƙasa, wadda damina ɗaya ta sakaci take iya kwantar da ita? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, abin da ya rage daga cikinsa yana lulluɓe ne da sabon gini. Ganuwar Kano kullum ƙara zaizayewa take yi, tsohuwar Ƙofar Na'isa kuma an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa hanya. Zanen da magina suke yi a fuskar zaure, kowace shekara sai an bi waɗansu da siminti. Abin da ba mu iya hana shi faɗuwa, ai ma iya ɗaukar siffarsa yadda wani magini na gaba zai duba ya tayar da irinsa.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Na farko za su ce tsada. Gaskiya ne, ba a yin fim a ƙasar nan, kuma kowa ya san halin da canjin kuɗi yake ciki. Kamfanin Kodak kansa sai da ya shiga kotun fatara a 2012, ko da yake ya farfaɗo, kuma shi da Ilford na Ingila suna nan suna yin fallayen. Amma ai ba cewa na yi a ɗauki bikin suna da wannan kyamara ba. Falle ɗari a shekara, in an zaɓi abin ɗauka da hankali, ya isa ya tara wa jami'a dukiyar tarihi cikin shekara goma. Don koyo kuwa ba sai da fim ba. Masu hoton bakin kasuwa na da, waɗanda suke ba ka hoton fasfo kana tsaye, takardar hoto suke sawa a madadin fim, su wanke ta a cikin akwatin kansa, kuma akwatin nan kafintan unguwa yana iya haɗa shi.

Na biyu za su ce kyamarar zamani ta kai ko ta wuce wajen fitar da abu sarai. Ga manyan cikinsu wannan ma haka ne, kuma ban ga dalilin gaba tsakanin biyun ba. A ɗauka a falle, a kwafe shi cikin kwamfuta, a watsa kwafin ga duniya, a ajiye asalin. In kwamfuta ta lalace, asali yana nan.

Na uku za su ce ai fim ma yana ƙarya, tun da ga shi na faɗa da bakina cewa ana tare haske ana ƙarawa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi. Shi Ansel Adams ɗin nan, akwai wani shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a falle ɗaya tak a 1941. Bugun farko sararin samansa da sauran haske, na shekarun baya kuwa ya mai da shi baƙi ƙirin. To, amma ta yaya muka san haka? Mun sani ne domin asalin yana nan, ana iya gwada shi da kowane bugu a ga inda hannun mutum ya shiga. A zamanin da kwamfuta take ƙirƙiro hoton taron da ba a yi ba da mutumin da ba a haifa ba, samun wani abu da ya kasance a wurin a ranar, wanda hasken wurin ya taɓa jikinsa, ba ƙaramin abu ba ne. Ban ce ba a iya yi masa algus ba, amma algus ɗinsa ya fi wuya, kuma ya fi saurin tonuwa.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Sassan koyar da zane da aikin jarida da tsara gine-gine su riƙe ɗakin duhu ko guda ɗaya, kada a mai da shi sito, a kuma koya wa ɗalibai tattara ruwan faranti na uku da aka gama aiki da shi, don yana ɗauke da azurfa, bai kamata a zuba shi a kwata ba. Mu ɗalibai kuma, in mun je hutu, mu nemi tsofaffin masu shagon hoto na garuruwanmu ko magadansu, mu tambaye su ina dodannin hotunansu, tun kafin a share ɗaki a kai bola. In an samu, a sa kowanne cikin ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi marar laima, wanda kuwa aka ji yana tashin warin tsami a ware shi, don ya fara ruɓewa kuma yana harbin na kusa da shi. Sa'an nan a rubuta suna da gari da shekara tun masu sani suna da rai, domin babban giɓin da ke cikin aikin Keita shi ne yawancin mutanen da ya ɗauka ba a san sunayensu ba. Ku kuma yayyenmu da kuka kama aiki a ma'aikatun watsa labarai da ayyuka da al'adu, takardun rushe gini ta teburinku suke bi. Ba zai gagare ku ba ku sa sharaɗin a ɗauki hoto mai inganci kafin katafila ta iso, ku kuma binciki abin da sashen hoto na ma'aikatarku ya bari a kabad.

Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma sun kuma ce tun ran gini ran zane. Waɗansu fallayen Keita sun tafi Faris, na Alonge sun tafi Amurka, domin can aka san darajarsu da wuri. Na garuruwanmu suna nan cikin akwatuna a ƙarƙashin gado, gara da laima suna aikinsu a kai. In muka tsaya jiran wani baƙo ya zo ya gaya mana cewa dukiya ce, ranar da jikokinmu za su so ganin Kano ko Zariya ko Damagaram ta kakanninsu, sai dai su nemi biza.